Alkawari kaya ne: Darasin haɗin kai da ɓaraka daga yaƙin neman zaɓen shugaban ƙasa na 2023

 

Tun kafin ketowar alfijir na ranar Laraba, 1 ga Maris, 2023, Hukumar Zaɓe ta INEC ta bayyana sakamakon zaɓen shugaban ƙasa da aka gudanar ranar 25 ga Fabrairu. Bola Ahmed Tinubu na jam'iyyar APC ya samu ƙuri'u 8,794,726. Atiku Abubakar na PDP ya samu 6,984,520. Peter Obi na jam'iyyar Leba ya samu 6,101,533, sannan Rabi'u Musa Kwankwaso na NNPP ya tashi da 1,496,687. Atiku da Obi sun ƙalubalanci wannan sakamako a gaban shari'a, amma Kotun Ƙoli ta tabbatar da shi ranar 26 ga Oktoba na wannan shekarar.

Idan muka tara ƙuri'un mutum ukun da suka biyo bayan wanda ya yi nasara, za mu samu 14,582,740. Abin lura shi ne, a farkon shekarar 2022 dukkan su ukun suna ƙarƙashin lema ɗaya, wato PDP. A zaɓen 2019 ma Obi ne abokin takarar Atiku, Kwankwaso kuwa yana cikin jiga-jigan jam'iyyar. Cikin 'yan watanni gida ɗaya ya koma gida uku, sannan wanda ya rage a tsohon gidan ya shiga kamfe alhali gwamnoninsa biyar sun juya masa baya.

Ba mu ɗauko wannan tarihi don mu goyi bayan wani ko mu soki wani ba. Mun ɗauko shi ne saboda yana nuna wani abu da ya shafi kowace jama'a da ta taru a kan manufa guda: saɓani shi kaɗai ba ya rusa tafiya, domin tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa. Abin da ke rusa ta shi ne alkawarin da aka ɗauka aka bar shi a lulluɓe, da rabon da wani ɓangare ke ganin an zalunce shi a ciki, da rashin babban da kowa zai yarda da hukuncinsa. Ita ma APC ta yi fama da nata saɓanin a wannan kakar, kuma kwatanta jam'iyyun biyu zai fito mana da wannan batu fili.

Tushen rigimar: karɓa-karɓa

Tsarin karɓa-karɓa tsakanin Arewa da Kudu ba ya cikin kundin tsarin mulkin Najeriya, amma kundin jam'iyyar PDP ya ambaci zagayawa da rarraba muƙamai tsakanin shiyyoyi domin tabbatar da adalci. A al'adar jam'iyyar, idan ɗan takarar shugaban ƙasa ya fito daga wani ɓangare, shugaban jam'iyya kan fito daga ɗaya ɓangaren.

Yayin da wa'adin Muhammadu Buhari, ɗan Arewa, na shekara takwas ke gab da ƙarewa, gwamnonin Kudu na jam'iyyu daban-daban suka gana a Legas a watan Yulin 2021, suka ce dole mulki ya koma Kudu a 2023. A watan Oktoban wannan shekarar PDP ta zaɓi Dakta Iyorchia Ayu, ɗan jihar Binuwai, a matsayin shugabanta na ƙasa, bayan an yi waje da Uche Secondus, ɗan jihar Ribas. Gwamnan Ribas na lokacin, Nyesom Wike, yana cikin waɗanda suka tsaya kai da fata wajen wannan sauyi. Mutane da dama sun fahimci cewa tunda shugabancin jam'iyya ya koma Arewa, takarar shugaban ƙasa Kudu za ta tafi.

Sai dai 'yan Arewa a cikin PDP suna da tasu hujjar, kuma ba hujjar banza ba ce. Sun ce a cikin shekara 16 da jam'iyyar ta yi tana mulki, daga 1999 zuwa 2015, Olusegun Obasanjo ya yi takwas, Goodluck Jonathan ya yi biyar da ɗoriya, ɗan Arewa kuwa, marigayi Umaru Musa 'Yar'Adua, bai cika shekara uku ba Allah Ya yi masa rasuwa. A ganinsu shekarun Buhari na APC ne, bai kamata a ɗora su a kan lissafin PDP ba. Suka ƙara da cewa jam'iyyar da ke adawa abin da ya kamace ta shi ne ta nemo wanda zai ci zaɓe ko daga ina ya fito.

An kafa kwamiti ƙarƙashin gwamnan Binuwai, Samuel Ortom, domin ya duba batun. A watan Mayun 2022 kwamitin zartarwa na jam'iyyar ya yanke shawarar buɗe ƙofar takara ga kowa. Ta fuskar ƙa'ida an rufe magana. Amma an bar tambaya guda ba amsa a rubuce: idan ɗan Arewa ya ci takarar, ya za a yi da shugaban jam'iyya wanda shi ma ɗan Arewa ne? Wannan tambayar da aka tsallake ita ce ta zame wa jam'iyyar ƙarfen ƙafa har ranar zaɓe.

Kafin a kai ga zaɓen fitar da gwani ma, bango ya riga ya fara tsagewa. Kwankwaso ya fice a ƙarshen watan Maris, bayan doguwar taƙaddama kan shugabancin jam'iyyar a shiyyar Arewa maso Yamma, ya koma NNPP. Obi kuma ya fice 'yan kwanaki kafin babban taron, ya karɓi takarar jam'iyyar Leba. Babu alamar da ta nuna cewa shugabannin PDP sun ɗauki ficewar mutanen biyu a matsayin babbar asara a lokacin.

Daren 28 ga Mayu

An yi zaɓen fitar da gwani na PDP ranar 28 ga Mayu, 2022, a filin wasa na Moshood Abiola da ke Abuja, da wakilan da ba su kai 800 ba. Ana gab da fara kaɗa ƙuri'a, gwamnan Sakkwato na lokacin, Aminu Waziri Tambuwal, ya sake hawa dandamali ya sanar da janyewarsa, ya nemi magoya bayansa su zaɓi Atiku. Da aka ƙidaya, Atiku ya samu 371, Wike 237, Bukola Saraki 70.

Janyewa wani ya mara wa wani baya ba sabon abu ba ne a siyasa, kuma babu dokar da ta hana. Amma ga Wike abin ya zo da ɗaci biyu. Na farko, a zaɓen fitar da gwani na 2018 da aka yi a Fatakwal, shi ne ya tsaya wa Tambuwal. Na biyu kuma, bayan taron an ga shugaban jam'iyya, Ayu, wanda ya kamata ya zama alƙalin wasa, yana jinjina wa Tambuwal yana kiransa gwarzon taron. Alƙalin da aka ga yana murna da nasarar ɓangare guda, da wuya ɗaya ɓangaren ya sake kai masa ƙara.

Sai batun mataimaki ya biyo baya. An kafa kwamitin da zai ba da shawara, kuma Ortom, wanda yake cikinsa, ya faɗa a bainar jama'a cewa mafi rinjayen 'yan kwamitin Wike suka zaɓa. Ranar 16 ga Yuni Atiku ya sanar da gwamnan Delta, Ifeanyi Okowa. Zaɓen abokin takara haƙƙin ɗan takara ne, kuma Atiku ya bayyana cewa yana neman wanda zai iya aiki da shi cikin natsuwa. Ƙorafin mutanen Wike ya fi karkata ga yadda aka yi abin: a cewarsu an bar mutumin da ya zo na biyu, wanda kuma ya ɗauki nauyin jam'iyyar a shekarun da take adawa, ba tare da an je an zauna da shi an rarrashe shi a kan lokaci ba.

Alkawari biyu da aka bari a hanya

Daga nan rigimar ta tattaru a kan buƙata ɗaya: Ayu ya sauka, ɗan Kudu ya hau. Ɓangaren Wike ya dage cewa Ayu ya yi alkawarin sauka idan ɗan Arewa ya ci takara. Suka nuna cewa ɗan takara ɗan Arewa ne, shugaban jam'iyya ɗan Arewa, shugaban kwamitin amintattu, Sanata Walid Jibrin, shi ma ɗan Arewa. Ɓangaren Ayu ya ce an zaɓe shi ne na shekara huɗu, kuma jam'iyya ce kaɗai ke da ikon ce masa ya sauka. Atiku ya ce shi ba zai tilasta wa kowa murabus ba sai ta hanyar da kundin jam'iyya ya tanada. Masu goyon bayansa suka ƙara da cewa ko da Ayu ya sauka, ƙa'ida ta ce mataimakinsa na Arewa ne zai gaje shi, saboda haka buƙatar ba za ta biya ba sai an gyara kundin, ga shi kuwa zaɓe ya ƙarato.

In an bi ta ɓarawo, a bi ta mabi sawu. Wike shi ma ya faɗa a wurin taron, kafin a kaɗa ƙuri'a, cewa zai mara wa duk wanda ya yi nasara baya. Masu sukarsa sun riƙa tambaya: in da a ce shi aka bai wa mataimaki, shin zai tayar da maganar adalci ga Kudu? Ke nan kowane ɓangare yana riƙe da alkawarin da yake zargin ɗayan ya saɓa, kuma kowane yana jiran ɗayan ya fara cikawa.

A ƙarshen watan Agusta aka yi zaman sulhu a Landan tsakanin Atiku da su Wike, amma a makon nan ɗin gwamnonin sun gana da Tinubu, sun kuma gana da Obi. Ana cikin haka Ayu ya yi hira da sashen Hausa na BBC, inda ya kwatanta masu neman ya sauka da yara, yana mai cewa ba su nan lokacin da aka kafa jam'iyyar. Magana zarar bunu ce. Kalmar nan guda ta mayar da hannun agogo baya fiye da yadda zaman sulhu goma zai iya gyarawa, domin ta sauya batun daga rabon muƙami zuwa batun mutunci.

Ranar 8 ga Satumba Sanata Walid Jibrin ya ajiye muƙaminsa domin a samu maslaha, aka ɗora Adolphus Wabara, ɗan jihar Abiya. Mutum ɗaya ke nan da ya sadaukar da kujerarsa a duk tsawon rikicin. Amma a ranar ce kuma kwamitin zartarwa ya kaɗa wa Ayu ƙuri'ar amincewa, daga baya aka naɗa Tambuwal babban daraktan yaƙin neman zaɓe. Kafin watan ya ƙare, ɓangaren Wike ya sanar da janyewa daga kwamitin kamfe. Gwamnoni biyar suka dunƙule: Wike na Ribas, Seyi Makinde na Oyo, Ortom na Binuwai, Okezie Ikpeazu na Abiya da Ifeanyi Ugwuanyi na Inugu. Ba su fice daga jam'iyyar ba, ba su kuma yi wa ɗan takararta aiki ba. A watan Fabrairun 2023 kwamitin kamfen Atiku ya soke gangaminsa na Ribas, jihar da PDP ke mulki a lokacin, yana mai kafa hujja da barazanar tsaro.

Masu bin tarihi sun tuna cewa ranar 31 ga Agusta, 2013, Atiku na cikin waɗanda suka fice daga babban taron PDP a Abuja, kuma a watan Nuwamban wannan shekarar gwamnoni biyar, ciki har da Kwankwaso na Kano da Aliyu Wamakko na Sakkwato da Rotimi Amaechi na Ribas, suka koma APC. Wannan ficewar tana cikin abubuwan da suka kayar da Jonathan a 2015, kuma ita ma tushenta zargin saɓa yarjejeniyar karɓa-karɓa ne. Cuta ɗaya ta kama jam'iyya ɗaya sau biyu cikin shekara goma.

Abin da akwatin zaɓe ya nuna

A 2019 Atiku ya samu ƙuri'u sama da 470,000 a Ribas. A 2023 bai kai 90,000 ba, kuma INEC ta bayyana Tinubu a matsayin wanda ya ci jihar, sakamakon da 'yan adawa suka yi ta jayayya a kansa. Oyo da Binuwai su ma Tinubu aka bai wa. Abiya da Inugu suka bi Obi da gagarumin rinjaye. Jihohi biyar na Kudu maso Gabas, waɗanda PDP ta cinye gaba ɗaya a 2019, Obi ne ya kwashe su duka. A Kano, Kwankwaso ya samu 997,279, Atiku kuwa 131,716.

Ya kamata mu yi taka-tsantsan da lissafi. Ba kowane wanda ya zaɓi Obi ne zai zaɓi Atiku ba in da Obi bai tsaya ba, domin da yawa daga cikinsu matasa ne da suka gaji da manyan jam'iyyun biyu. Haka nan ba kowane ɗan Kwankwasiyya ne zai bi lema ba. Amma tazarar da ke tsakanin na ɗaya da na biyu ƙuri'u 1,810,206 ce kacal, alhali abin da ya zube daga gidan PDP ya ninka haka sau da yawa.

Su ma waɗanda suka yi tawayen ba duka suka tsira ba. Ortom da Ikpeazu da Ugwuanyi sun nemi kujerar Majalisar Dattawa, dukkansu suka faɗi, jam'iyyarsu kuma ta rasa gwamnatin Binuwai da ta Abiya. Ayu, wanda aka ƙi sauke shi a lokacin da saukarsa za ta iya yin amfani, umarnin kotu ya raba shi da kujerar a watan Maris na 2023, wata guda bayan zaɓe. Abin da aka ƙi bayarwa da daraja, ƙarshe an rasa shi a banza.

Yadda APC ta ɗinke tata ɓarakar

Kada mai karatu ya ɗauka cewa APC ta shiga zaɓen nan lafiya lau. Mako guda bayan taron PDP, ita ma ta tsaya a bakin rami irin wannan. Akwai masu ganin tunda PDP ta tsayar da ɗan Arewa, to APC ma ta yi haka. Ranar 4 ga Yuni, 2022, gwamnonin APC na Arewa suka fitar da sanarwa cewa bayan shekara takwas na Buhari, adalci shi ne mulki ya koma Kudu, suka kuma nemi 'yan Arewa masu neman takarar su janye. Bayan kwana biyu shugaban jam'iyyar, Sanata Abdullahi Adamu, ya gabatar da sunan shugaban Majalisar Dattawa, Ahmad Lawan, ɗan jihar Yobe, a matsayin ɗan takarar maslaha. Gwamnonin da wasu 'yan kwamitin gudanarwa suka ƙi amincewa, fadar shugaban ƙasa kuma ta ce Buhari bai tsayar da kowa ba. Aka je dandalin Eagle Square aka kaɗa ƙuri'a: Tinubu 1,271, Amaechi 316, Mataimakin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo 235, Lawan 152.

Ba mu ce gwamnonin nan babu lissafin siyasa a ransu ba. Allah ne Masanin abin da ke cikin zukata. Abin da ke bayyane shi ne, ɓangaren da ke da ƙarfin riƙe mulki shi ne ya furta da bakinsa cewa lokacin ɗaya ɓangaren ne, kuma ya furta hakan kafin a kaɗa ƙuri'a. Da wannan aka toshe ƙofar da ta zame wa PDP bala'i.

Sauran tsamin dangantaka bai gushe ba. Amaechi da Osinbajo ba a gan su sosai a fagen kamfe ba. Da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin Naira, kuɗi suka yi ƙaranci ana gab da zaɓe, ga kuma wahalar man fetur, Tinubu da kansa ya faɗa a Abeokuta a watan Janairun 2023 cewa ana yi masa zagon ƙasa. Gwamnonin Kaduna da Kogi da Zamfara, dukkansu 'yan APC, suka maka gwamnatin tarayya ta jam'iyyarsu a Kotun Ƙoli. Duk da haka babu rukunin gwamnonin da ya fito fili ya janye daga tafiyar ɗan takara. Tsintsiyar ta sassauta, amma maɗaurin bai tsinke ba.

Tikitin Musulmi da Musulmi

Saɓanin da ya fi taɓa mu kai tsaye shi ne na abokin takara. Tun 1999 an saba haɗa Musulmi da Kirista: Obasanjo da Atiku, 'Yar'Adua da Jonathan, Jonathan da Namadi Sambo, Buhari da Osinbajo. Tinubu Musulmi ne daga Kudu, don haka dole mataimakinsa ya fito daga Arewa, inda Musulmi suka fi yawa. Ranar 10 ga Yuli, 2022, a Daura, lokacin bikin Babbar Sallah, ya sanar da tsohon gwamnan Borno, Kashim Shettima. An taɓa ganin irin wannan haɗi a 1993, lokacin Moshood Abiola da Babagana Kingibe.

Ƙungiyar Kiristoci ta CAN ta yi tir da matakin. A cikin APC kanta, tsohon Sakataren Gwamnatin Tarayya Babachir Lawal da tsohon Kakakin Majalisar Wakilai Yakubu Dogara suka jagoranci masu adawa. Daga baya Lawal ya mara wa Obi baya, Dogara ya bi Atiku. Jam'iyyar ta yi ƙoƙarin rage zafin abin ta hanyar naɗa gwamnan Filato, Simon Lalong, babban daraktan kamfe, bayan zaɓe kuma George Akume, Kirista daga Binuwai, ya zama Sakataren Gwamnatin Tarayya. Ta biya farashi duk da haka: Filato da Nasarawa da Abuja Obi suka zaɓa.

A wannan lokaci maganar ta bar ofisoshin jam'iyya ta shigo zaurukanmu da makarantunmu da wayoyinmu. Wasu suka ɗauki zaɓen tikitin a matsayin kare addini, wasu suka ce dabarar neman ƙuri'a ce kawai, har aka kai ga ana auna imanin mutum da wanda zai zaɓa. Alhali uku daga cikin manyan 'yan takara huɗu Musulmi ne, kuma ƙuri'un jihohinmu sun rabu uku: Borno da Jigawa da Zamfara da Neja suka bi Tinubu, Katsina da Kaduna da Sakkwato da Kebbi da Bauchi da Gombe da Yobe suka bi Atiku, Kano ta bi Kwankwaso. Miliyoyin masu sallah a sahu ɗaya sun yi zaɓi mabambanta, kowa bisa abin da ya hango na maslaha. Wannan kaɗai ya isa ya nuna mana cewa al'amarin na ijtihadi ne, wanda mai hankali zai iya saɓa wa mai hankali a cikinsa ba tare da an tuhumi addinin kowa ba.

Abin da ya rage mana

Mu duba inda manyan suka koma. Wike, wanda bai fice daga PDP ba a lokacin, ya zama Ministan Abuja a gwamnatin APC a watan Agustan 2023. Nasir El-Rufa'i, wanda yana cikin gwamnonin da suka fi tsayawa a kan mulki ya koma Kudu, ya bar APC a watan Maris na 2025. Okowa, wanda zaɓensa ya hura wutar rikicin PDP, ya koma APC a watan Afrilun 2025. Atiku da kansa ya ajiye katin PDP a watan Yulin wannan shekarar. Su sun iya sauya sheƙa, su zauna da abokin gaban jiya a ci abinci a kwano ɗaya. Amma a unguwanninmu akwai wa da ƙanin da har yanzu gaisuwarsu ba ta koma yadda take ba, akwai kuma ɗaliban da suka daina zuwa karatu wurin malami saboda an ce ga inda ya karkata. Dattawan Kano da Kaduna ba su manta da zamanin santsi da taɓo ba, lokacin da PRP ta rabu a 1980 tsakanin Malam Aminu Kano da gwamnoninsa biyu, Abubakar Rimi da Balarabe Musa, rabuwar ta ratsa har cikin gidaje.

Darasin bai tsaya a kan 'yan siyasa ba. Kwamitin masallaci, ƙungiyar ɗalibai, hukumar makarantar Islamiyya, har ma da 'yan'uwan da ke tafiyar da dukiyar gado, duk suna fuskantar ranar da za a ce wa zai gaji wa. Abin da ya faru da PDP yana koya mana cewa yarjejeniyar da ta shafi juyi da rabo a rubuta ta tun zukata suna fari, a fayyace abin da zai faru idan al'amura suka sauya, kamar yadda Shari'a ta kwaɗaitar da rubuta bashi da kafa shaidu. Yana koya mana cewa wanda aka ɗora a kujerar alƙalanci ya kame bakinsa daga nuna ɓangare da kuma ƙasƙantar da mai ƙorafi. Kuma nauyin sulhu ya fi hawa kan wanda ya yi nasara, domin shi ne ke da abin bayarwa. Ya taka da ƙafarsa zuwa gidan wanda ya kayar tun ciwon bai yi tsami ba. Shi kuma wanda aka kayar, idan ya amince da ƙa'idar gasa kafin a fara, bai dace ya ƙone rumbu don an hana shi mabuɗi ba. Malamanmu sun daɗe suna karantar da mu cewa saɓa alkawari yana daga cikin alamomin munafunci, kuma ba su ware fagen siyasa daga wannan hukunci ba.

A matsayinmu na masu zaɓe kuwa, muna da ma'auni mai sauƙi a duk lokacin da kakar kamfe ta zagayo. Kafin mu saurari abin da ɗan takara zai yi wa ƙasa, mu duba yadda ya yi da abokan tafiyarsa: ya cika musu abin da ya ɗauka? Ya yi adalci ga wanda ya kayar? Wanda bai riƙe amanar mutum ɗari da ya sani ido da ido ba, da wuya ya riƙe ta mutum miliyan 200 da bai taɓa gani ba. Sannan idan mun yi zaɓinmu, mu bar wa ɗan'uwanmu nasa. Wa'adin shugaba shekara huɗu ne, maƙwabtaka da zumunci kuwa suna nan har ranar da za a ɗauki ɗayanmu zuwa makwancinsa, kuma waɗanda muka yi faɗa da su saboda ƙuri'a su ne za su tsaya a sahun sallar.

Allah Ya ba mu shugabanni masu cika alkawari, Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.